Sati Uku a Ƙasar Atamfa

Kafin in taka ƙasar Holand abu uku na sani game da ita, kuma na san yawancinku ma ba za ku wuce ukun nan ba: atamfar da ake ɓatawa a kanta in an zo duba lefe, madarar Peak da mai shayin bakin get yake hudawa da tsinin wuƙa, sai 'yan ƙwallonsu masu riga ruwan lemo. A gidanmu akwai na huɗu. Ita ce ƙasar da ta riƙe mana Kawu, yayan mahaifiyata, tun 1999, kafin ma a haife ni. Duk tsawon shekarun nan sau uku ya leƙo gida. Bana da hutu ya zo sai ya ce tunda shi zuwa ya gagara, a turo masa ni.

Maganar biza ba zan cika ku da ita ba. Kuɗinta Yuro 90 ne, ban da inshora da takardar gayyata da wasiƙar makaranta mai nuna cewa da sauran zango a gabana, wato ina da dalilin dawowa. Duk Kawu ne ya biya, don haka kada wani ya tare ni a hostel da maganar rance. Manya sun ce da can daga Kano jirgin KLM ke ɗaukar mutum kai tsaye. Yanzu sai ka gangara Legas, ka yi kusan awa 7 a sama. Jakata ɗaya tufafi ne, ɗayar kuwa kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kilishi a gida aka bar shi, don ba a shiga Turai da nama a jaka, ƙannena suka yi shagalinsa.

Kawu yana zaune a Almere, kamar minti 25 a jirgin ƙasa daga Amstadam. Ranar da na isa ya buga ƙafa a tsakar falonsa ya ce, "Ɗana, nan da kake tsaye, lokacin da aka haifi kakarka kifi ne ke yawo." Kuma gaskiyarsa ne. A 1932 suka gama wata katanga mai tsawon kilomita 32 da ta datse wani hannun teku, ruwan gishirin ya koma tafki. Daga nan suka riƙa kewaye yanki-yanki da datsi suna zuƙe ruwan da inji. Yankin da Almere take ya bushe a 1968, mutanen farko suka tare a 1976, yau garin ya haura mutum 200,000. Wato babana ya girmi garin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da doron teku, har da filin jirgin da na sauka, kuma in ka haɗa ta gaba ɗaya Jihar Kaduna ta ɗan fi ta faɗi.

Abin da ya fara rikita ni rana ce. Lokacin zafinsu ne, daidai da daminarmu, kuma a tsakiyar Yuli sai wajen ƙarfe 10 na dare take faɗuwa. Ka ci abincin dare ƙarfe 6 yadda suka saba, ka zauna jiran Magariba awa huɗu. Isha'i ta kusa sha biyu, kafin ka juya an kira asuba. Kawu ya ce shekarun da azumi ya faɗo a wannan lokaci awa 18 zuwa 19 suka riƙa yi, yana kuma tuƙa injin ɗaga kaya a sito.

Matarsa 'yar Damagaram ce. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta rufe ƙofar kicin ta buɗe taga, wai kada maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana. 'Ya'yansu biyu, mace mai shekara 17 da namiji mai 14. Suna jin Hausa amma da Holanci suke amsawa, ni kuma da Turanci muke gaisawa. Hausar bakinsu ta kicin ce: zo ka ci, na ƙoshi, bari mana. Macen ba ta san kara ba ko kaɗan. Ta tambaye ni me ya sa nake russunawa in zan gaida babanta, ciwon baya nake yi? Ta tambaye ni mata nawa ne a ajinmu na injiniyan gine-gine, na ce shida cikin tamanin, ta ce to sauran suna ina? Na ce sai an zauna. Ta jawo kujera ta ce ga shi an zauna. Haka mutanen ƙasar suke, ba sa kewaye-kewaye, kuma ba raini ba ne a wurinsu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ziyara da alƙawari. Akwai wani abokin Kawu, Bazazzagi, mota ce ta minti goma tsakaninsu, amma da za mu je gaishe shi sai da aka duba waya aka ba mu Asabar ta sama. Bahaushe da littafin alƙawari, jama'a!

Ƙanen nawa ne ya fara kai ni tsohuwar fada, a keke, tafiyar kamar awa ɗaya. Sunanta Muiderslot, a bakin kogin Vecht. In kun taɓa ganin fadar Turawa a littafin yara, to ita ce sak: gini mai kusurwa huɗu, zagayayyar hasumiya a kowace kusurwa, gwalalo cike da ruwa, da gada a bakin ƙofa. Ba ta da wani girma, mita 32 ne da 35, ɗakin taronmu ba zai ji kunya a gabanta ba, amma kaurin bangon mita ɗaya da rabi ne. Wani basarake Floris na Biyar ya gina ta wajen 1280 don ya riƙa karɓar kuɗin fito daga jiragen fatake masu wucewa Utrecht. A 1296 manyan ƙasarsa suka kama shi a wurin farauta, suka tsare shi a cikin fadar da ya gina da kansa, bayan 'yan kwanaki suka kashe shi. An rushe ta, aka sake gina ta wajen 1370, ita ce ke tsaye har yau.

Ina tsaye a saman hasumiyar sai ganuwar Kano ta faɗo min a rai. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, ke nan ta girmi wannan fada da shekaru sama da ɗari, kuma in girma ake magana ba a ma haɗa su. Za a ce ai tasu tubali ne gasasshe, tamu ƙasa ce. Haka ne. Amma ginin ƙasa ba ya faɗuwa don ƙasa ne, yana faɗuwa ne ranar da aka daina yi masa yaɓe bayan damina. Nan ɗin ma na ga ma'aikata biyu a kan tsani suna cike tsakanin tubali ɗaya bayan ɗaya, 'yan firamare kuma an jero su suna sauraron labarin Floris. Ni sai da na shiga sakandare na fara jin sunan Gijimasu, shi ma a bakin wani tsoho mai gyaran keke.

Utrecht kwana ɗaya muka yi mata. Hasumiyar cocinta mita 112 ce, matakala 465, na hau, cinyoyina sun ba ni labari washegari. Tana tsaye ita kaɗai, don guguwa ta rushe tsakiyar cocin a 1674 ba a sake ginawa ba. A ƙarƙashin tashar jirginsu akwai wurin ajiye keke mai cin 12,500. Daga nan muka wuce De Haar, fada mafi girma a ƙasar, ɗaki 200. Kowa ita yake yabo, ni kuwa ba ta kwanta min ba. Kango ce aka sake ginawa daga 1892 zuwa 1912 da dukiyar wata 'yar gidan Rothschild da mai fadar ya aura, aka sa mata lantarki da injin ɗumama ɗaki, sannan aka yi mata shigar tsufa. Da suka ga ƙauyen da ke gefe ya tare musu wurin lambu sai aka tashe shi aka mayar da shi gaba, aka kwaso manyan itatuwa dubbai aka dasa don lambun ya yi kamar ya daɗe. Kyau kam akwai. Amma irin kyan gidan mai kuɗin da ya sayi layi guda ya rushe ne, mun san irinsa a gida.

Ranar da ta fi min amfani a karatu ita ce ta Delft. Akwai wani tsohon maƙwabcinmu, ya girme ni da shekara shida, shi ya riƙa koya min lissafi a zaure lokacin jarrabawar fita sakandare. Yanzu digiri na biyu yake yi a can a fannin ruwa. Ya zagaya da ni garin sama-sama, ya nuna min tsohuwar hasumiyar da ta karkace kusan mita 2, sannan ya ce, "Ƙanena, bar kallon coci, zo ka ga aiki." Ya kai ni Maeslantkering, a hanyar ruwan da manyan jirage ke bi su shiga Rotadam. Ƙofofi biyu ne na ƙarfe, kowace faɗinta mita 210, suna kwance a gefen ruwa. In kwamfuta ta lissafa cewa ruwa zai tashi mita 3 a Rotadam, ita da kanta take ba da umarni, ƙofofin su taso su haɗu a tsakiya, a cika su da ruwa su nutse su toshe hanyar. An gama ta a 1997. Asalin duk wannan kuwa dare ɗaya ne, 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairu 1953, da teku ya fasa datsi ya kashe mutum 1,836.

Ni ƙarfen ya burge ni, shi kuwa Yaya wani abu daban yake so in gani. Ya ce ƙasar tana da hukumomin ruwa 21, aikinsu ya haɗa da datsi da magudana da famfunan zuƙe ruwa. Zaɓensu ake yi duk shekara huɗu, harajinsu daban suke karɓa, wasunsu kuma asalinsu tun ƙarni na 13 ne. Da na koma gida Kawu ya ɗauko min takardar harajin ya ce ga ta nan, ba fashi. Furojet ɗina a kan magudanar wata unguwa ne da ruwa ke shiga ɗakuna duk Agusta, kuma dukkanmu mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Na nuna wa Yaya zanena a waya. Ya duba lissafin ya ce daidai ne, sannan ya ce, "To wa zai yashe ta a shekara ta biyu, kuma da kuɗin wa?" Babi guda na ƙara saboda wannan tambaya, malamina ya ce in bar shi.

Juma'a ɗaya mun yi ta a Bijlmer, unguwar da ke kudu maso gabashin Amstadam, inda mutanen Gana da na Suriname suka yi yawa. Ana fitowa masallaci sai na ji Hausa ta ko'ina, amma ta zangon Kumasi da Nima, wadda ba ruwanta da bambancin mace da namiji. Wani dattijo ya ce min matarsa "ya tafi kasuwa", na danne dariya, shi kuma ya ce Hausata ta rediyo ce. Muka ci shinkafa da wake irin nasu. Suka nuna min wata bishiya da suke kira bishiyar da ta ga komai, a inda jirgin dakon kaya ya faɗa kan benaye ranar 4 ga Oktoba 1992, mutum 43 suka mutu.

Zuwa Helmond ni na matsa. Garin da ake buga atamfar ke nan, can kudu, kusan awa biyu a jirgin ƙasa. Shekara 26 Kawu yana ƙasar bai taɓa zuwa ba, alhali kafin ya bar gida shekara tara ya yi a sashen rini na ɗaya daga masaƙun Kakuri. Nan ma akwai fada mai gwalalo da aka fara ginawa wajen 1325, kuma masana'antar Vlisco tana maƙwabtaka da lambunta. Kamfanin tun 1846 yake. Zanen da muke kashe kanmu a kansa ba domin mu aka ƙirƙire shi ba. Mutanen Jaba, a Indunusiya da Holand ta yi wa mulkin mallaka, su ke rina zane da kakin zuma da hannu. Turawan suka so kwaikwayonsa da inji su sayar musu da araha, sai aikin injin ya riƙa fitowa da 'yan tsage-tsage a jikin launin. Masu abin suka ce wannan aibi ne. A Afirka ta Yamma kuwa tsagen nan shi aka so, har yau da shi iyayenmu mata ke gane ta gaske.

Ba mu shiga ciki ba, a bakin shinge muka tsaya. Kawu ya riƙa yi min bayani da hannu, yadda ake shafa ƙaro a fuska biyu na farin yadi, a tsoma shi a baba, a farfasa ƙaron, a wanke, sannan a bi da sauran launuka ɗaya-ɗaya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ce lokacinsu in an tashi aikin rana a Kakuri keke da mutane sai sun hana mota wucewa. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta. Ya ce shi ya hango abin tun da wuri, shi ya sa ya fita. Ya yi shiru yana kallon bututun hayaƙin, sannan ya ce mu nemi wurin zama.

A bencin lambun fadar na isar da saƙon da na yi sati biyu ina riƙe da shi. Hajiya kakata ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Cewa ta yi, "Ka ce wa wancan na Turai idona ya fara tafiya. In yana so in gan shi, ya zo tun ina gani." Haka na faɗa masa, ban canja ko kalma ba. Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya kama wata maganar, wai a nan yawancin kaburbura hayarsu ake yi na wasu shekaru, shi ya sa yake zuba kuɗi a wani asusu don in ta Allah ta kasance a mayar da shi gida. "Ni komawata na biya ta," in ji shi. "Waɗancan biyun fa? Ko gaisuwa ba za su iya yi da ita ba." Na ce Kawu ai gani take so, ba hira ba. Ya ce Disamba. A gidanmu an sha jin Disamba, don haka ban ce uffan ba. Sai daren da zan taho ya miƙo min wayarsa, na ga tikiti biyu, nasa da na 'yarsa.

Rotadam na bari ƙarshe, kuma ni kaɗai na je. Garin sabo ne fil, don Jamusawa sun ƙone tsakiyarsa da bama-bamai ranar 14 ga Mayu 1940, saboda haka tsofaffin gine-gine kaɗan ne, sai dogayen benaye na gilashi. Ba su na je gani ba. Akwai abokina da muka zauna benci ɗaya tun aji uku na firamare. A 2021 ya bi ta Agadas, ya shiga Libiya, ya haye Italiya, ya gangaro nan. Wasunku sun san hotunansa a Facebook, jingine da jar mota. Ya yarda in rubuta wannan muddin ban faɗi sunansa ba.

Ya tare ni a tasha, muka rungume, na ji ƙasusuwan kafaɗarsa. Muna tafe idonsa na yawo. Ba ya tsallaka titi sai fitila ta ba da hannu ko da ba mota, ba ya shiga tarago bai biya ba, don abu kaɗan zai sa a tambaye shi takarda, shi kuwa an ƙi karɓar neman mafakarsa. Ba zai iya kama ɗaki da sunansa ba, ba zai iya yin aikin da ake rubutawa ba. Su biyar ne a ɗaki. Wanke-wanke yake yi a bayan wani gidan abinci, a biya shi a hannu, yadda mai gidan ya ga dama. Jar motar kuwa ya nuna min irinta a bakin titi ya yi dariya, ya ce duk wadda aka ajiye tasa ce na minti ɗaya.

Muna cin dankali a bakin kogi na ce masa cikin wasa, "Mutumina, in na ƙi komawa fa? Ka ga bizata saura kwana huɗu." Ya ajiye abincin ya riƙe min wuyan hannu. "Wallahi in ka yi haka ni zan kai ka filin jirgi da kaina. Ka je ka ƙarasa diflomarka." Na ce to kai me ya hana ka? Ya san akwai masu biya wa mutum tikitin komawa in ya nema. Amma lokacin da aka tsare shi a Libiya, filin gadonsu Umma ta sayar aka fanso shi, filin da ƙannensa ke da haƙƙi a ciki. Ya ce da wane ido zai shiga gidan hannu rabbana? Sai ya tara kuɗin fili. Na yi lissafin a zuciyata da abin da ya ce yana samu, ban faɗa masa amsar ba, na san shi ma ya yi.

Da za mu rabu ya ba ni ambulan da Yuro 150 a ciki, da tabarau na karatu. Ya ce, "Ka ce mata ina lafiya. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Kwana biyu da dawowata na je. Umma ta shimfiɗa min tabarma, ta sa aka kawo ruwa, ta jero tambayoyi. Yana salla? Na ce yana yi. Ya yi ƙiba? Na ce ya ɗan faɗa, aiki ne da yawa. Aikin kamfanin? Na ce aiki dai yana yi, Umma, da hannunsa yake ci. Ambulan ɗin ba ta buɗe ba, ta tura shi ƙarƙashin filo. Tabaran ta sa, ta ce in nuna mata hoton da muka ɗauka. Ta daɗe tana kallo, ta sa na jawo mata fuskarsa kusa, ta sake kallo. Sannan ta ce, "Ɗana, yaushe sanyinsu ke farawa?" Na ce daga Oktoba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da rigar sanyi a leda da ƙullin yaji, ta ce ta ji kawuna zai zo Disamba, ko zai taimaka ya tafi masa da su. A tsakar gidan na kira Kawu. Ya ce in ajiye, kuma in turo masa lambar yaron.